Amsa ga ɗan'uwan da ke neman keken zama mara nauyi

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka tun shekaranjiya, amma na dakata har in samu zama, domin ba magana ce ta layi biyu ba. Da farko ina yi maka jaje, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ka ce wata takwas ke nan da ka samu rauni a laka, an sallame ka, hannuwanka na nan da ƙarfinsu, sai dai keken ƙarfen da dangi suka saya maka yana gajiyar da kai, ƙaninka kuma yana shan wahala wajen ɗora shi a adaidaita sahu. Ka ci karo da wani na alminiyam a intanet wanda aka rubuta masa kilo 9, kana son sanin ko ka saya, ko mai naɗewa ya fi, da kuma ko zai jure hanyoyinmu. Ni ma ta nan na biyo. Tun 2013 nake kan keke, kuma wanda nake zaune a kansa yanzu shi ne na huɗu.

Bari mu fara da kilo 9 ɗin. Keken da muka saba gani a asibiti yakan kai kilo 18 zuwa 20, wani ma ya wuce. Wanda ake kira mara nauyi yawanci tsakanin 13 ne da 16, sannan akwai na ƙasa da haka, har zuwa waɗanda ake yi da titaniyam ko zaren kabon, masu kasa kai kilo 10, amma kuɗinsu ba na kowa ba ne. To, idan ka ga keke mai araha an ce kilo 9, ɗayan biyu ne. Ko dai an auna shi ne bayan an cire manyan tayoyi da matashi da wurin ɗora ƙafa, wanda dabara ce da masu talla suka saba, ko kuma irin keken nan ne mai ƙananan tayoyi a baya, wanda aka yi domin wani ya tura ka daga mota zuwa ɗakin likita. Idan na biyun ne, hannunka ba zai ma kai ga tayar ba, kuma mutum mai ƙarfin hannu kamarka ba shi da abin yi da shi. Ka sake duba hoton da kyau kafin komai.

Abin da ya ɗauke ni shekaru kafin in gane shi ne, nauyin da sikeli yake nunawa daban, nauyin da kafaɗa take ji daban. Kilo huɗu ko biyar suna da muhimmanci ƙwarai ga mai ɗaga keken zuwa cikin mota, haka kuma a kan tudu. Amma a fili, inda za ka yi mafi yawan turinka, kai da keken ne ake turawa tare, kuma idan kana da kilo 70, ragin kilo huɗu bai taka kara ya karya ba. Kekena na biyu na alminiyam ne mai sheƙi, na saye shi da murna saboda matata tana iya ɗaga shi da hannu ɗaya, amma bayan wata shida kafaɗata ta dama ta fara hana ni barci, kuma tafiyar da ke tsakanin gidana da masallacin unguwa tana nan da wahalarta kamar dā. Na uku kuwa na gwanjo ne, duk fentinsa ya kankare, ya ma ɗan fi wancan nauyi. Ranar da wata ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi ta kwance shi ta matsar da manyan tayoyin zuwa gaba da huda biyu a jikin keken, na tura sau ɗaya a barandar asibitin sai na ga na wuce ƙofa uku kafin in sake kai hannu.

Sirrin yana wurin aksil, wato ƙarfen da babbar taya take juyawa a kansa. A keken asibiti an kafa shi ne can baya, daidai ƙarƙashin majingini, domin kada mara lafiya ya kife. Wannan yana jefa nauyi mai yawa a kan ƙananan tayoyin gaba, waɗanda su ne suka fi cijewa a ƙasa, sannan yana tilasta maka miƙa hannu baya kafin ka kamo zoben turawa, kuma nan ne kafaɗa take cutuwa. Idan aka matso da aksil gaba, nauyinka yakan koma kan manyan tayoyi, juyawa ta yi sauƙi, kowane turi ya kai ka nesa. Gwajin da aka koya mini mai sauƙi ne: ka zauna sosai, ka saki hannuwanka su sauka a gefe, ya kamata kan ɗan yatsanka na tsakiya ya faɗa daidai tsakiyar taya. Idan kuma ka ɗora hannu a saman zoben, gwiwar hannu ta lanƙwashe kamar digiri 100 zuwa 120. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa mai sayarwa ita ce ko aksil ɗin yana matsawa. Idan an like shi da walda wuri ɗaya, ni dai ba zan ba da kuɗina ba, komai rashin nauyinsa.

Sai dai akwai abin da ake biya. Keken da aka matso da aksil ɗinsa gaba yana da saurin ɗaga kai. Mako biyu da yin gyaran nan na zo hawa gangaren ƙofar gidana, da jaka rataye a bayan majingini, na yi turi mai ƙarfi, sai ga ni ina kallon sama, ƙeyata ta bugu da siminti. Allah ya kiyaye, ƙulu kawai ya fito. Don haka a riƙa matsarwa huda ɗaya-ɗaya, kuma ka bar ƙananan tayoyin nan na baya masu tokare keke har sai jikinka ya saba. Kada ka ji kunyarsu. Jaka mai nauyi kuwa a ƙarƙashin mazauni ake sa ta.

Sai maganar awo. Mu a nan muna da ɗabi'ar sayen babba, wai don mutum ya sake, ko don babbar riga ta samu wuri. Kuskure ne. Faɗin mazauni ya zama daidai faɗin ƙugunka, ba matsi, ba kuma filin da za ka riƙa karkacewa gefe guda. Idan ya yi faɗi, hannuwa sai sun buɗe kafin su kai zobe, kuma keken gaba ɗaya yakan fi mazauninsa faɗi da kusan santimita 20, wanda shi ne bambancin shiga banɗaki da tsayawa a bakin ƙofa. Tsawon mazauni ya tsaya da ratar yatsu biyu zuwa uku kafin bayan gwiwa. Wurin ɗora ƙafa ya ɗauki tafin ƙafarka yadda cinya za ta kwanta a kan matashi gaba ɗayanta, amma ya yi sama da ƙasa da aƙalla santimita 5. Majingini kuma, idan bayanka yana iya riƙe kansa, ya tsaya ƙasa da allon kafaɗa don hannu ya samu sakewa. Idan kuwa raunin yana sama har kana faɗawa gefe, dole ya ƙara tsawo, kuma wannan hukunci ne na wanda ya duba ka, ba nawa ba. Game da riga, ka nemi keke mai allon kariya a gefen taya. Na yi asarar shadda biyu kafin in koyi tattare gefen kaftani in tura ƙarƙashin cinya.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, kuma ya fi duk abin da ka tambaya, shi ne matashin zama. Idan kuɗinka ba za su ishi keke mai kyau da matashi mai kyau ba, ka rage daga na keke. Mu da ba ma jin mazaunanmu, jiki ba ya gaya mana cewa jini ya daina kai wa fatar da ke ƙarƙashin ƙasusuwan zama. A shekarata ta biyu ina zama a kan yankin soson katifa da aka naɗe da leda. Cikin zafin watan Afrilu, gumi ba ya fita, soson ya riga ya mutu har ƙashi yana taɓa ƙasa ban sani ba. Abin ya fara da ɗan ja kamar girman kwabo. Na ce ai zai wuce, na ci gaba da fita aiki. Ƙarshenta wata uku na yi ina kwance rubda ciki ana wanke gyambo safe da yamma, kuma kuɗin da suka tafi a kai sun isa sayen matashi goma. Har yau wurin bai koma kamar dā ba, shi ne yake fara ja duk ranar da na daɗe a zaune.

Matashin kirki iri uku ne aka fi samu: na soso mai tauri da aka sassaƙa masa gurbin ƙashi, na jel, da na iska mai ƙananan buhuna. Na iska ya fi raba nauyi, amma ƙaya ɗaya ko wutar sigari ta isa ta sace shi, kuma ba za ka ji ba, don haka mai amfani da shi sai ya riƙa duba shi kullum kuma ya ajiye na soso a gefe. Ni na soso nake amfani da shi, ina sauya shi da zarar na ga ya daina dawowa idan an danna. Ka guji matashin nan mai huda a tsakiya kamar gammo, wanda mutane suke kawowa da kyakkyawar niyya, domin gefensa yana datse jini daga wurin da ake son a kare. Kowane minti 15 zuwa 30 ka sunkuya gaba sosai, ƙirji ya nufi gwiwa, ko ka karkata gefe ɗaya sannan ɗayan, ka ɗan jima kamar minti biyu. Wannan ya fi ɗaga jiki da hannu, wanda yake cin kafaɗa kuma ba a iya daɗewa a kai. Ka sayi ƙaramin madubi, safe da dare ka duba. Jan da bai gushe ba bayan rabin awa da sauka, to ranar ba ranar zama ba ce.

Yanzu mai naɗewa ko mara naɗewa. Mai naɗewa yana da ƙarafa biyu da suka gitta a ƙarƙashin mazauni, da gaɓoɓi masu yawa, kuma kowace gaɓa tana ɗan motsi, tana shan wani abu daga ƙarfin turinka, tana kuma kwancewa da tafiyar lokaci. Amfaninsa shi ne yana lafewa ya shiga wuri matsattse, sannan a ƙasa mai gargada yana ɗan murɗawa har tayoyinsa huɗu su zauna. Mara naɗewa ƙarfe ɗaya ne dunƙule, ya fi sauƙin nauyi, ya fi gudu, ba shi da abin kwancewa sosai. Ana danna maɓalli a tsakiyar taya a zare ta, a kwantar da majingini, sai a ɗauke shi kashi uku, kuma ba kashin da ya yi nauyi. Nawa ke nan, kuma a ganina shi ya fi dacewa da mai tura kansa. Amma gaskiya a adaidaita sahu yana cin wurin mutum guda, kuma sau da yawa sai na biya kuɗin kujera biyu, wani direban ma da ya hango ni sai ya ƙara mai. Idan kullum a adaidaita sahu za ka riƙa zuwa aiki, mai naɗewa ba laifi ba ne, muddin aksil ɗinsa yana matsawa kuma tayoyinsa suna zaruwa. Da an zare tayoyin, ƙaninka zai ga ya huta.

Batun jure hanya ya dogara ne a kan tayoyi fiye da jikin keken. Kekunan da ake yi domin titunan Turai sukan zo da tayoyin gaba na inci 3 ko 4, waɗanda suke da daɗi a kan tayil, amma a lungunmu duk tsakuwa sai ta tsayar da su, a yashi kuwa nutsewa suke yi. Inci 5 ko 6 masu faɗi, na roba mai laushi, su na samu sun fi. A baya kuwa zaɓi ne tsakanin taya mai iska da dunƙulalliya. Mai iska ta fi sauƙin turi kuma tana shanye girgiza, wadda take tayar wa wasunmu da makyarkyatar ƙafa, amma tsidau abokin gabarta ne, kuma na taɓa yin faci uku a mako ɗaya bayan damina. Dunƙulalliya ba ta faci, sai dai ta fi nauyi kuma kowane rami sai ka ji shi a gadon baya. Ni mai iska nake amfani da ita, da famfo a gida, ina ba ta iska duk ranar Asabar. Tayar da ta yi sanyi tana ƙara wahalar turi, kuma birki ba ya kama ta, wanda hatsari ne babba lokacin da kake sauka daga keke zuwa gado.

Ga wani abu da ya taɓa ɓata mini rana guda a kasuwa. Tayar keken zama da aka fi yi ita ce wadda aka rubuta wa 24 x 1 3/8, kuma ba ɗaya take da tayar inci 24 ta keken yara ba, duk da lambar ta yi kama. Ka duba jikin tayar za ka ga wata lamba: tamu yawanci 540 ce, ta keken hawa 507, kuma ɗaya ba ta shiga wilin ɗaya. Kafin ka sayi kowane keke, ka karanta wannan lambar, ka je wurin masu kayan keke ka tabbatar ana samunta, ka kuma ajiye tiyub biyu da taya ɗaya a gida.

Alminiyam yana da tasa matsalar, wadda masu talla ba sa faɗa. Keken ƙarfe idan ya karye, duk mai waldar bakin titi zai haɗa maka shi kafin ka gama shan ruwa. Alminiyam sai mai walda da iskar agon, kuma zafin waldar yana raunana wurin. Da wurin ɗora ƙafar kekena na biyu ya tsage, kwana huɗu ana yawo da shi kafin a samu mai iyawa, bayan wata biyu kuma ya sake tsagewa daidai gefen ɗinkin. Shi ya sa wanda yake zaune a ƙauye ko unguwa mai yashi nake ba shi shawara dabam. Akwai kekunan da aka tsara musamman domin irin ƙasashenmu, kamar RoughRider na ƙungiyar Whirlwind ta Amurka, da mai taya uku na ƙungiyar Motivation ta Ingila. Na ƙarfe ne, ba su da sauƙin ɗauka, amma suna da tsawo da faffaɗar tayar gaba, ba sa saurin kifewa gaba, kuma bakaniken keke yana iya gyara su. Keken hannu mai taya uku da 'yan'uwanmu masu shan-inna suke hawa shi ma yana da kyau ga tafiya mai nisa, sai dai ba ya shiga ɗaki, kuma mazauninsa na katako ne ko ƙarfe. Su suna jin jikinsu, suna gyara zama ba tare da sun yi tunani ba. Kai kada ka hau shi sai da matashinka.

Kula da keken ba wani aiki ne mai yawa ba. Zare da gashi da yagaggiyar leda suna naɗewa a tsakiyar tayoyin gaba har su ƙi juyawa, sai a kwance a cire duk wata. Da hunturu ƙura tana cin boris, wato zoben nan mai ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ke tsakiyar taya, da damina kuma taɓo da ruwa. Idan ka ji ƙara ko ka ga keken yana ja gefe guda, ka cire boris ɗin, akwai lamba a jikinsa, ka kai wa masu sayar da kayan babur. Kada a wanke shi da injin wankin mota, domin ƙarfin ruwan yana kore giris.

Yadda kake turi ma abin koyo ne, domin kafaɗun nan su ne ƙafafunka yanzu, kuma babu na canji. Turi dogo mai santsi ya fi gajeru masu yawa: ka kamo zoben daga baya, ka raka shi gaba, ka saki, hannu ya dawo ta ƙasan zobe. Sannan ka koyi ɗaga tayoyin gaba ka tsaya a kan na baya, da wani a bayanka yana riƙe da keken har ka iya. Ba burga ba ce. Da wannan ake tsallake bakin kwata, da dakalin zaure, da yashi. Safar hannu ta fata tana hana kanta da ƙonewar tafi a gangare, kuma tana rage dattin da za ka wanke kafin alwala. Ina kuma ajiye tsumma a ƙarƙashin mazauni don goge tayoyi a ƙofar masallaci da ƙofar ɗakin mutane.

Dokar Najeriya ta hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shigarsu, kuma wa'adin ya cika a Janairun 2024, amma kai ma za ka gani da idonka matakala nawa ce har yanzu take jiran mu. Gidanka dai yana hannunka. Ƙa'idar gangare ita ce tsawo 12 ga kowane tashi 1, wato dakali mai santimita 15 yana buƙatar gangare mai santimita 180. Magina sukan so su gajarta shi don siminti, kada ka yarda, domin gajeren gangare ne ya kifar da ni.

Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin samar da keken zama a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma jigonsu shi ne a duba mutum, a auna shi, a daidaita masa keken, a koya masa amfani da shi, sannan a ci gaba da bibiya. Don haka kafin ka tura wa kowa kuɗi, ka koma sashen gashi na asibitin da ya sallame ka, ko Asibitin Ƙashi na Dala idan kana kusa da Kano, ka roƙi a auna ka a rubuta maka a takarda. Da wannan takardar za ka shiga kasuwa. Na gwanjo ba abin ƙi ba ne, domin sau da yawa ya fi sabo mai araha inganci, amma ka duba kowane ɗinkin walda ko akwai tsaga, ka tura shi ba kowa a kai ka ga ko yana tafiya miƙe, ka zare tayoyin ka mayar ka ji sun kama, sannan ka zauna a kai da matashinka aƙalla rabin awa.

Shi kuwa wancan na kilo 9, ka ce wa mai shi ya ɗauko maka hotonsa daga gefe, yadda za a ga tsakiyar babbar taya da inda take haɗuwa da jikin keken, ya kuma ɗora shi a sikeli da tayoyinsa duka. Kai kuma ka sa ƙaninka ya ari tef ɗin tela ya auno faɗin ƙofar banɗakinku da ta ɗakin kwananka, daga katako zuwa katako. Idan ka samu waɗannan ka turo mini, in sha Allahu zan duba in gaya maka abin da na gani.